Amin Ɗin da Lawal Mai Tantabara Ya Riƙe

In ka je bayan kasuwar Malumfashi ka ce Malam Lawal kake nema, za a ce maka wanne, domin masu sunan a unguwar nan sun isa su cika sahu guda a masallaci. Amma ka ce Lawal Mai Tantabara, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka gidan.

Manomi ne kamar kowa, da damina masara da ɗan auduga, da rani gyaran danga da hira. Sai dai tun yana yaro Allah ya jarrabe shi da son tantabara. Duk tukunyar da ta tsage a unguwar, gidansa take ƙarewa, ya rataye ta a katanga ta zama ɗakin tsuntsu. Masu jego da masu jinya suna zuwa sayen ƴan shila, masu noman albasa suna zuwa kwasar kashin. Matarsa Hajo takan ce ita dai mutum ɗaya aka ce ta aura, da ta tare sai ta iske dangin miji cike da katanga, kuma babu inda suke sha'awar yin kashi sai kan shanyarta.

A cikin tsuntsayen akwai farare tas, su ne suka haɗa shi da aikin soja ba tare da ya taɓa riƙe bindiga ba. Taubashinsa, Saje Ummaru, wanda ya dawo daga yaƙin Laberiya da ɗingishi da murya kamar ta mai shela, shi ne shugaban tsoffin sojojin yankin. Wata shekara ya ga a talabijin ana sakin fararen tantabaru a Abuja ranar tunawa da ƴan mazan jiya, ya ce Malumfashi ba ta fi kowa talauci ba. Tun daga nan, duk tsakiyar watan Janairu sai Lawal ya cika kwando da fararensa, ya ɗaure a bayan keke, ya nufi filin da tsoffin sojojin suka kafa wani ginshiƙin siminti da aka kifa wa hular kwano a ka.

Bikin ba wani babba ba ne. Tsofaffi cikin kakin da ya yi musu yawa, wasu kuma ya matse su, su yi fareti iya abin da gwiwa ta yarda. A ajiye furen roba a gindin ginshiƙi. A busa begila. A karanta sunayen ƴan yankin da suka kwanta dama a fagen fama. A yi shiru na ɗan lokaci, abin da Lawal bai taɓa ganewa ba, domin shi a saninsa mamaci addu'a yake so, shiru kuwa yana da shi isasshe a inda yake. Daga nan sai babban baƙo ya buɗe kwando, tantabaru su tashi, a yi tafi. Kafin Lawal ya tuƙo kekensa gida, sun riga shi, suna kan katanga suna jiran dawa. Baɗi ma su ɗin ne dai. Saje Ummaru yakan ce tsuntsayen nan sun fi wasu kofur-kofur ɗinsa sanin fareti, ya kamata a saka su cikin masu fansho.

Ɗan farin Lawal da Hajo shi ne Mannir. Da yake gidan masu kunya ne, uban bai taɓa kama sunansa ba. “Yaron nan” yake cewa, ko “wancan”, in kuma ransa ya yi daɗi ya ce “sojan gidan nan”. Ranar da yaron ya gama horon soja ya dawo cikin kaki, unguwa ta cika gidan, Lawal kuwa ya tsaya can gindin katanga yana duba wata tukunya da babu abin da ya same ta. Hajo ce kaɗai ta lura tukunyar nan ya duba ta har la'asar.

Aka yi wa Mannir aure da Najiba, ƴar Hussaini ƙanen Lawal, wanda ke zaune a Dayi. Ba baƙuwa ba ce a gidan, domin tun rasuwar mahaifiyarta Hajo ta ɗauko ta, a nan ta yi wayo, a nan ta koyi tuƙa tuwo. Auren bai wuce ta kwashe kayanta daga wannan ɗaki zuwa wancan ba. Tana da ciki aka tura Mannir gabas, can wajen tafkin Chadi. Ta haifi mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Lawal, saboda haka kowa ke ce mata Tsohuwa. Uban ya ga ɗiyarsa a waya, ya ce in ya samu hutu zai zo ya ga ko da gaske kunnensa ta ɗauko.

Cikin daminar nan aka afka wa sansaninsu. Aka ƙirga waɗanda suka tsira, aka ƙirga waɗanda aka binne a maƙabartar sojoji, Mannir ba ya nan, ba ya can. Sojoji biyu suka zo da jakarsa, suka durƙusa a zaure suna ta kewaye-kewaye. Lawal ya saurare su har suka gama.

“Kun ga gawa?”

“A'a, Baba. Ba a dai gan shi ba.”

“To, ku sha ruwa ku kama hanya, rana na yi.”

Ya tashi ya shiga watsa wa tantabaru dawa. Maƙwabta da suka fara taruwa a ƙofar gida suka yi cirko-cirko, sannan suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar unguwa ta shiga wani hali. In zance ya biyo ta kan Mannir, sai kowa ya auna harshensa. “Allah ya bayyana shi” ake cewa, Lawal ya amsa da amin mai ƙarfi. In wani baƙo ya yi suɓul da baka ya ce “Allah ya jiƙansa”, dattijon ba ya faɗa, ba ya zagi. Amin ɗin kawai zai riƙe, ya bar addu'ar a tsaye kamar hannun da aka miƙa ba a karɓa ba, har mai ita ya ji kunya ya nemi takalmansa. Mutumin da ba a taɓa yin jana'iza a unguwar babu shi ba, wanda har yara sun san shi da riga kowa ɗaukar makara, shi ne ya rantse ba zai yi makokin abin da idonsa bai gani ba.

Nauyin abin duk a kan Najiba ya sauka. Ba matar aure ba, ba mai takaba ba, ba bazawara ba. Shekara ta bi shekara, Tsohuwa ta yi rarrafe, ta yi tafiya, har ta shiga makaranta, uwarta na nan a ɗakin da aka kai ta. Sa'o'inta suka yi haihuwa ta biyu suka yi ta uku. In an yi biki takan je ta taya aiki a madafa, ta dawo kafin a fara kiɗa, domin ba ta san ko ya dace a gan ta tana dariya ba. Liman ya aiko a faɗa mata cewa shari'a ba ta ɗaure mace har abada ba, shekarun jira sun cika, in ta je gaban alƙali zai yanke mata. To amma zuwa gaban alƙali yana nufin ta tsaya ta ƙaryata mutumin da ya goya ta a kafaɗa ya kai ta kallon sakin tantabaru. Amsarta ɗaya ce kullum: “Sai abin da Baba ya ce.”

Baba kuwa bai ce ba. Hussaini ya zo daga Dayi ya yi magana a hankali, ya sake zuwa ya yi da ɗan zafi. A zuwa na ƙarshe Lawal ya ce masa, “In ya dawo ya tambaye ni ajiyarsa, Dayi zan nuna masa?” Hussaini ya hau babur bai ko tsaya cin abinci ba. Daga nan gaisuwarsu ta koma ta Sallah zuwa Sallah.

Mutum ɗaya ne ke iya taka wannan wuri ya kwana lafiya, shi ne Saje Ummaru, don taubashi ba a fushi da shi. Duk shekara in ya zo maganar kwando sai ya tayar da ita.

“Kai, bawana. Bana in sa sunan yaron cikin waɗanda ake karantawa?”

“Sa naka. Ka fi kusa.”

“Ni ai nawa yana hanya. Lawal, kai da bakinka kake gaya wa mutane tantabarar da ta kwana uku a waje, shaho ya yi buɗa-baki da ita.”

“Tantabara na ce. Ka ga fiffike a jikinsa?”

“To yarinyar nan fa? Itace ce da za ka jingine ta a lungu?”

“Gurgu, in kwando ka zo dubawa, ga shi can. In wa'azi ka zo yi, Juma'a ba ta yi ba.”

Haka za su rabu. Ranar biki Lawal zai tsaya da kwandonsa a gefe, a karanta sunayen ƴaƴan wasu, yana amsa amin ga kowanne da zuciya ɗaya. In an kai ƙarshe ba a ambaci nasa ba, sai ya ji kamar ya sake cin wata shekarar.

Bayan kakar bara ne labari ya zo daga Musawa cewa wani soja da aka daɗe da cire rai da shi ya dawo. Sunansa Awaisu. Ƴan ta'adda ne suka riƙe shi shekaru a daji, Allah ya ba shi sa'a ya kuɓuta. Lawal ya ji labarin a bakin masallaci, ya dawo gida da sauri har yana tuntuɓe da turmi.

“Hajo! Ina masu cewa na haukace? Ga na wasu ya dawo.”

“Allah ya sa mu ji alheri, Malam,” in ji ta, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

Ranar kasuwar Musawa ya sa babbar rigarsa ya shiga mota. A hanya ya gama tsara komai a ransa. Yaron nan Awaisu zai ce ai ya san shi, dogo mai ƙananan kunnuwa, yana nan da rai, ya ce a gaida gida.

A bakin tasha aka nuna masa shi, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, yana facin tayar babur. Siriri ne, kansa ya yi furfura tun ba lokacinta ba, in mota ta yi ƙara sai kafaɗarsa ta zabura ita kaɗai. Ya share wa dattijon benci, suka gaisa. Lawal ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Baba, mene ne sunansa?”

Nan Lawal ya tsaya. Ya dubi taya, ya dubi kwanon ruwan da ake neman huji a ciki. Tun ranar suna bai furta kalmar nan ba, ko a ɗaki. Ya yi gyaran murya sau biyu.

“Mannir,” ya ce, a hankali kamar mai tsoron kada ya fasa ta. “Mannir Lawal.”

Awaisu ya yi tunani, kuma da gaske ya yi tunanin, har ya rufe ido. Sannan ya girgiza kai.

“Wallahi ban haɗu da shi ba, Baba. Dajin da faɗi. Ba zan ce maka yana raye ba, ba zan ce maka ya rasu ba. Mu da aka kama tare, ni kaɗai na fito.”

Lawal ya gyaɗa kai. Ya kamata ya tashi. Maimakon haka sai ya tambayi abin da ya daɗe yana ci masa rai.

“Da ka dawo, yaya ka iske gida?”

Awaisu ya yi wata ƴar dariya. “Na iske an yi mini sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. An ce wainar ta yi daɗi, ni dai ban samu ba. Ƙanena na sanye da takalmina. Matata ta yi takaba ta yi aure a Matazu, har da goyo.”

“Ka gani!” in ji Lawal, ya buga cinya. “Abin da nake gudu ke nan. Ba ka ji kamar ka mutu ba?”

“Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu ba na bin hanyar Matazu.” Ya tsoma robar taya a ruwa yana juyawa. “Amma ai ban bar mata komai ba sai jira, shi kuwa ba a tuƙa tuwo da shi. Kuma ka ga, Baba, addu'ar mamaci an yi mini ita shekara da shekaru, tsohona kullum bayan sallah. Ga ni zaune ina faci. Ba ta kashe ni ba. Wa ya sani ma ko ita ta fito da ni.”

Kumfa ta taso daga ruwan, ya sa yatsa ya danne wurin.

“Waɗanda suka cika a gabana a can, babu wanda ya ce a riƙe masa mata ko gona. Abu ɗaya suke roƙo: in ka fita, ka kai labari gida a yi mini addu'a. Shi ke nan. Wasu ma ban san garinsu ba, sai dai in yi musu da kaina.”

Lawal bai tuna yadda ya yi sallama ba. A mota an matse shi tsakanin buhun wake da wata mata mai kaji, ko gardamar da ya saba yi wa direba a kan kowane rami bai yi ba. Abu ɗaya ke juyawa a kansa. In yaron na raye, addu'ar ba za ta rage shi da komai ba. In kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun daminar nan, to shekarun nan duka yana kwance a wani daji babu likkafani, kuma duk wanda ya buɗe baki zai roƙa masa rahama, ubansa ne ke tsaye a ƙofa yana mayar da shi.

Ya iso gida da la'asar sakaliya. Hajo na tsinkar zogale. Ya zauna a kan turmi, abin da yake hana yara.

“Hajo, yaron nan. Ina ganin mu yi masa addu'a.”

Ta ajiye zogalen. “Ni na daɗe ina yi, Malam,” ta ce. “A sujada, inda ba ka ji.”

Ya sa aka kira Najiba. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, hannunta da sauran kumfar wanki. Ya yi niyyar yin doguwar magana, har ya tanadi aya, amma abin da ya fito guntu ne.

“Gobe za mu je wurin alƙali, ni zan kai ki. Na riƙe ki da yawa, ƴata. Ki yafe mini.”

Ya zaci zai ga sauƙi a fuskarta, irin na wanda aka sauke wa kaya. Sai ta dube shi kamar yanzu sojojin nan biyu suka shigo zaure. Ta ɗora hannu a ka ta fasa kukan da unguwa ba ta taɓa jin irinsa daga bakinta ba.

“Baba, kai ma? Kai ma ka ce ya mutu?”

Ashe duk shekarun nan da ake cewa ya ɗaure ta, ita ma a jikin taurin kansa take jingine. Muddin Baba bai yarda ba, akwai sauran wani abu. Hajo ta jawo ta jikinta, su biyu suka yi ta yi. Lawal ya rasa inda zai sa kansa, ya fita zaure, ya jawo tabarmin da ke jingine ya fara shimfiɗawa a ƙofar gida. Wanda ya fara wucewa ya gani ya cire hula ya mayar, bai tambayi komai ba, ya juya ya sanar da liman.

Alƙali bai wahalar da su ba. Ya ji shaidu, ya yanke, Najiba ta tsefe kanta ta shiga takaba. Aka yi zaman makoki kamar jiya aka yi rasuwar. Hussaini ya zo daga Dayi ya zauna kusa da wansa, kafaɗa na gugar kafaɗa, babu wanda ya tayar da tsohon zance. Saje Ummaru ya zo da ɗingishinsa, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Ya ce, “Allah ya jiƙan Mannir, ya sa ya huta.” Lawal ya ce amin. Muryar ba ta fita sosai ba, amma na kusa sun ji.

Janairun nan aka karanta sunan a gindin ginshiƙi, can wajen ƙarshe. Mai karatun ma ya ɗan yi tuntuɓe a kansa, don sabo ne a bakinsa. Babu wanda ya zo daga gidan sai Lawal, kuma da aka zo shirun nan da ya saba yi wa dariya, an ga leɓensa na motsi har bayan an busa begila.

Da zafin bazara takaba ta ƙare. Hussaini ya turo mota a-kori-kura aka loda gado da kwalla da ƴar katifar Tsohuwa, domin mace in ta fita takaba gidan ubanta take komawa, kuma yarinya ƙarama ba a raba ta da uwa. Wannan ma Lawal ya sani tun ranar da ya hau motar Musawa ta dawowa. Ya tsaya yana ba direba umarnin yadda ake ɗaure igiya, direban da ya girme shi a sana'ar, har motar ta tashi. Tsohuwa na ɗaga masa hannu tana cewa za ta zo hutu. An ce yanzu akwai wani malamin makaranta a Dayi da ya fara aike gidan Hussaini neman auren Najiba.

Gidan ya yi musu faɗi, shi da Hajo. Ta daɗe tana auna garin mutum huɗu, tuwo na kwana. Ɗakin Mannir ya zauna a rufe har damina ta wuce, da kaka ta zo rumbu ya kasa, Hajo ta ce ɗaki ba ya zama haka nan, aka zuba masara a ciki.

Har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida Lawal yakan ɗaga kai da sauri. Hajo ta taɓa kama shi yana yi. Ya ce mata wuyansa ne ya saba, ba shi ba.